Bashin da Ke Cikin Kalmar 'Yan'uwa

Babban cocin Katolika na birnin Sakkwato, wanda ke kan titin Ahmadu Bello, sunan wani gida aka sa masa: Iyali Mai Tsarki, wato Yusufu da Maryamu da yaron da suka rena a Nazarat. Ran Lahadi da safe, kafin rana ta buɗe, ana ganin masu zuwa can da masu zuwa sauran majami'u, na ECWA da Angilika da Baftis da na 'yan Fentikos, suna fitowa daga lungunan Sama Road da Mabera da Arkilla da barikin Giginya, wasu a keke-napep, wasu a ƙasa, uwa da goyo, Littafi Mai Tsarki a hammata. In sun hallara, mai wa'azi zai kira su 'yan'uwa. Zai ce wa tsohuwar da ke bencin gaba Mama, su kuma su ce masa Baba. Mutumin Zuru ne da Ibo da Bajju da Tibi da Bayarabe da Bahaushen Malumfashi, waɗanda ko a kakan kakanni ba su haɗa jini ba. Mai ji daga waje yana iya ɗaukar wannan zaƙin baki ne irin na taro, yadda ɗan siyasa kan kira jama'a 'yan'uwa ran kamfe ya manta da su ran rantsuwa. A ganina maganar ta fi haka nauyi, kuma Bahaushe yana da ma'aunin da zai auna ta, domin a wurinsa gida abu ne mai dokoki da hakkoki. Wanda ya ce ikkilisiya gida ce ya ci bashi da bakinsa, kuma ana iya bin sawunsa a ga ko ya biya.

Sai a fara duba abin da Bahaushe ke nufi da gida. Mai shiga yakan fara da zaure, ya ratsa shigifa, ya faɗa tsakar gida inda murhu yake, da turmi, da randa, sassa sun kewaye shi. Da magariba in an kwashe tuwo, yara ne ke jigilar kwanuka: wannan na zaure, wannan na tsohuwa, wannan na almajirin gida, wannan na ciyayya a kai maƙwabta. Duk wanda yake da kwano a wannan rabo ɗan gida ne. A cikinsu akwai 'ya'yan cikin maigida, akwai agola da uwarsa ta zo da shi, akwai ɗan riƙo da aka karɓo daga gwaggo, akwai bara da ya tsufa a gidan har yara na ce masa kawu, akwai baƙon da ya sauka don kwana uku ya shekara goma. Jini yana da muhimmanci, musamman ran rabon gado, amma zaman yau da gobe tukunya ce ke yanke shi. A karkara kuma akwai gandu, wanda masana irin su Polly Hill suka nazarta a Batagarawa: 'ya'ya, har da masu aure, suna yi wa uba noma daga safe zuwa azahar, sauran lokaci su koma gayaunarsu. Shi kuma uban ba a banza yake cin guminsu ba. Shi ke ciyarwa daga rumbu, shi ke ba da iri da fartanya, shi ke biyan haraji a zamanin da ake biya, kuma shi ke yi wa ɗa auren fari. In ya kasa, ɗa yana da hujjar fita, a raba gandu a raba tukunya. Ke nan gidan Bahaushe yarjejeniya ce da kowa ya san nasa kason a cikinta. Ƙauna tana iya kasancewa, tana iya yin ƙaranci, amma kwanon yana zuwa ko ana fushi.

Da wannan ma'auni in aka koma ga asalin ikkilisiya, za a tarar kwatancin bai yi nisa da gaskiya ba, domin kusan ƙarni biyu masu bin Almasihu ba su da wani gini na musamman. A gidajen mutane suke taruwa. Wasiƙun Bulus suna gaida jama'ar da ke haɗuwa a gidan Akila da Bilkisu, da ta gidan Filimon. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Lidiya mai sayar da jan tufa a Filibi an yi mata baftisma tare da mutanen gidanta, haka ma yarin kurkukun garin. Wurin sujada mafi tsufa da masu haƙa suka tono, a Dura Yurofos ta bakin kogin Furat a Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240: aka rushe bango tsakanin ɗakuna biyu don jama'a su samu wurin zama, aka mai da wani ɗakin na baftisma. Abin da ya fi ginin jan hankali shi ne lissafin. Rigimar farko da aka rubuta a cikin ikkilisiyar Urushalima ta rabon abinci ce: Yahudawa masu jin Helenanci suka yi ƙorafi ana tsallake gwaurayen matansu a rabon kullum, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma dukansu sunayen Helenawa gare su, alamar an danƙa ludayi a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti ta kai ga shimfiɗa sharuɗɗan wadda za a sa a jerin gwaurayen da ikkilisiya ke riƙo, har da shekaru 60. A shekara ta 251 bishop na Roma, Karniliyus, ya rubuta cewa ikkilisiyarsa tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Wannan duk lissafin uwargida ne a bakin murhu, mutum nawa za su ci, wa aka manta.

A Sakkwato kuwa tarihi ne ya mai da wannan magana ta zahiri. Bayan Turawa sun ci garin a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana tare 'yan mishan daga biranen sarakuna. Kiristocin da suka fara zama a irin waɗannan garuruwa akawuna ne da ma'aikata da 'yan kasuwa daga nesa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka bar ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, kuma waɗanda suka karɓi bishara a wuraren nan galibi mutane ne da cuta ta riga ta raba su da tabarmar dangi. A 1953 Roma ta ware yankin Sakkwato ta ba limaman Dominika daga Amurka ƙarƙashin Edward Lawton, a 1964 ya zama cikakkiyar dayosis. Shekara biyu bayan haka kashe-kashen 1966 suka kori dubban 'yan Gabas daga Arewa, majami'u da yawa suka zama kusan kango. Har yau mafi yawan masu sujada a birnin aiki ne ya kawo su, ko karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko soja, ko shago a kasuwa. Shi kansa Bishop Matthew Hassan Kukah, da ya hau kujerar a 2011, daga ƙasar Zangon Kataf ya fito. Mutumin da danginsa ke tafiyar yini guda a mota, in ɗansa ya kwanta da zazzaɓi da tsakar dare, ba garinsu zai buga wa waya ba.

Ran mutuwa abin ya fi fitowa fili. A ce malamin makaranta ne ɗan kudancin Kaduna, yana haya ɗaki biyu a bayan Sama Road, ya rasu ya bar mata da yara huɗu. Kafin labari ya isa ƙauyensu, matan zumunta sun iso. Ɗaya ta karɓi jaririn daga hannun uwar, biyu sun hura gawayi a bakin ƙofa, wasu sun shigo da kuloli na shinkafa da kunu. Samari sun ɗauko bencina daga majami'a sun jera a inuwa. Wani dattijon ikkilisiya ya zauna gefe da littafi mai layi da biro, kowa ya miƙa abin da ya samu a rubuta sunansa, ana haɗa kuɗin akwati da na motar da za ta kai gawa gida. Da dare mawaƙa su zo a kwana ana waƙa da addu'a. Da asuba mutum uku ko huɗu su nemi izini a wurin aiki su bi gawar, su miƙa ta ga dangi hannu da hannu. Duk waɗannan ayyukan dangi ne, kuma babu ɗaya cikin masu yinsu da ya haɗa kaka da mamacin. Musulmin da ke maƙwabtaka da gidan ba zai ga baƙon abu ba, don haka ake yi a unguwarsu, sau da yawa ma shi ne zai fara kawo tabarma da ruwan sanyi. Bambancin shi ne, shi yana da dangi da unguwa da masallaci duk a wuri guda, su kuwa majami'a ce ta ɗauki nauyin ukun.

Kuma a faɗi gaskiya, mata ne ke riƙe da wannan gida. Wa'azi na maza ne a yawancin majami'un, kujerun dattawa ma haka, amma zumuntar mata ce ta san wadda ta haihu, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda ta daina zuwa sujada saboda zaninta ya ƙare. Su ne masu anko da tulu da kacau-kacau ran Lahadi, su ne masu zagaya asibiti ran Talata, su ne masu asusun da ake rancen kuɗin makaranta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun nan nasu ne. Basakkwace ya san irin wannan tsari daga nasa tarihin. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru: jajoji masu malfa suna jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta neman ilimi, suna tafe da hatsi da zuma da man shanu da ake rabawa mabukata, su koma gida suna duba marasa lafiya da wankan gawa. Addinai biyu ne daban, amma a kowanne mata sun gane da wuri cewa jama'ar da ba ta da mai zagayawa gida-gida taro ce kawai, ana tashi an watse.

To, akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta wasa ba ce. Na farko zai ce gida wuri ne na iko. Maigida ba a tuhumarsa, ba a tambayarsa lissafi, ɗa ba ya kai ubansa ƙara. Da sunan rufin asirin gida ake danne wadda aka zalunta a ce ta yi haƙuri. In fasto ya zama Baba, wa zai tambaye shi inda baiko da zakka suka shiga? Wa zai saurari yarinyar da ta ce ya taɓa ta? Mai wannan suka yana da tarihi a bayansa. A rinjin bayi ma harshen dangi ake yi: bawa yana kiran mai shi uba, 'ya'yan bayi suna tasowa tare da 'ya'yan gida, amma ran gado sai ɗaya ya zama magaji ɗaya ya zama abin gado. Sunan unguwar Runjin Sambo yana nan yana tuna mana wannan zamani. A cikin Sabon Alkawari ma Bulus ya mai da bawan da ya gudu, Unisimas, ga Filimon yana roƙon a karɓe shi kamar ɗan'uwa, kuma ƙarnuka suka shuɗe masu bayi suna karanta wasiƙar ba tare da sun kwance kowa ba. A yau kuma ba sai an yi nisa ba kafin a ga majami'ar da ta zama gadon iyali ɗaya, miji shugaba, mata mataimakiya, ɗa mai jiran gado, mabiya suna ta noman gandun da ba su da ko gayauna a ciki.

Ban ga dalilin musanta wannan ba. Abin da zan ce shi ne, wanda ya yi haka ya ɗauki rabin ma'anar gida ya jefar da rabi. Uban gandu da ke karɓar noma ya hana abinci, ko a ƙauye ba a kiransa dattijo, kuma in 'ya'yansa suka watse shi ake zargi. Tuwon girma miyarsa nama. Ban da haka, a koyarwar Kirista kujerar maigida ba ta fasto ba ce tun farko. Kalmar da Hausawa, Musulmi da Kirista, ke kiran Mahalicci da ita, Ubangiji, uban gida take nufi, giji da gida abu ɗaya ne a tsohuwar Hausa, kamar yadda ake ji a uwargijiya. In gidan yana da mai shi, to duk wanda ke tsaye a kan bagade wakili ne da aka ba ajiyar mabuɗin rumbu, kuma wakili ana yi masa lissafi. Linjilar Matiyu ta ruwaito Yesu yana hana almajiransa neman a kira su da laƙabin uba ko malam, Linjilar Yohanna kuma ta nuna shi da tawul a ɗamara yana wanke musu ƙafa, aikin bara. Saboda haka ikkilisiyar da ke karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, wadda dattawanta ke iya ce wa fasto a'a, wadda ke kai mai laifi gaban hukuma maimakon a canja masa gari a yi shiru, ba ta saɓa wa zaman gida ba. Ita ce ma ta fi kusa da shi. Sai dai dole a yarda cewa kalmar Baba tana da daɗin ji ga wanda ake faɗa wa, kuma kaɗan ne ke ƙin ta.

Suka ta biyu ta fi ta farko ciwo. Gida yana da katanga, kuma naka sai naka. A ranar 10 ga Afrilu 1994 aka buɗe taron bishop-bishop na Afirka a Roma, taron da ya zaɓi kwatancin ikkilisiya a matsayin iyalin Allah ya zama jigon aikinta a nahiyar. Kwana uku kafin nan aka fara kisan ƙare dangi a Ruwanda, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne. Cikin kwana 100 aka kashe wajen mutum 800,000, da yawa a cikin majami'u irin na Nyamata da Ntarama inda suka gudu neman mafaka, kuma masu sara da waɗanda ake sara ruwan baftisma ɗaya aka zuba musu. A zauren taron Bishop Albert Obiefuna na Awka ya yi gargaɗin cewa in tura ta kai bango, jinin ƙabila yakan rinjayi ruwan baftisma. Duk da haka Paparoma John Paul na Biyu ya sa hannu a kan takardar sakamakon taron a Yawunde ranar 14 ga Satumba 1995 da wannan kwatanci a tsakiyarta, tare da kashedin a guji ƙabilanci. A nan gida abin bai kai ga adda ba, amma tsagar tana nan. Akwai majami'ar da kowa ya san ta mutanen wuri kaza ce. A cikin ikkilisiya ɗaya akwai sujadar Turanci da sujadar Hausa, kuma sau da yawa rabon ba na harshe kaɗai ba ne: ma'aikacin banki da lakcara suna waccan, mai gadi da lebura da mai wanki suna wannan. Ƙungiyar 'yan gari kaza tana taruwa bayan sujada, asusunta ya fi na ikkilisiya kauri. Ran zaɓen dattawa kuwa, kowa ya san yadda ake ƙirga kawuna.

Amsar da zan iya bayarwa ita ce katanga ba ita kaɗai ce ke yin gida ba. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma da zaure ake sanin girman maigida: nan baƙo ke sauka, nan ake fito da tuwo a ci da duk wanda magariba ta riska, ba a tambayarsa asalinsa sai ya ƙoshi. Gidan da aka toshe zaurensa mutanen unguwa suna da sunan da suke kiransa, kuma ba na yabo ba ne. Ikkilisiyar farko ta shahara ne ta wannan ƙofa. A shekara ta 362 sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumakan kakanninsa, ya rubuta wa babban bokan Galatiya yana ƙorafin cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har su haɗa da na waɗanda ba nasu ba. Shaidar maƙiyi ce, shi ya sa take da nauyi. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a 1950 a kudancin Nijar har yau mafi yawan masu jinya a cikinsa Musulmi ne. Wannan bai goge Ruwanda ba, bai kuma haɗe sujadar Turanci da ta Hausa ba. Abin da ya nuna kawai shi ne, wanda ya mai da ikkilisiya ƙungiyar 'yan garinsu ba zai iya fakewa da kalmar gida ba, don kalmar da kanta tana tuhumarsa.

Akwai kuma ta uku, wadda a Sakkwato ba a tsallake ta, ita ce ta maƙwabci Musulmi. Zai ce, da farko, kunnensa ba ya karɓar a ce mutane 'ya'yan Allah ne, domin Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba. Kirista zai amsa cewa ba haihuwa ta jiki yake nufi ba, riƙo yake nufi, irin na wanda aka ɗauko aka ba shi suna da kwano. A nan kowa zai tsaya a kan nasa, kuma ba maƙala ce za ta raba wannan gardama ba. Amma yana da wata maganar da ta fi shafar zaman duniya: wannan sabon gida da tubalin gidajen wasu ake gina shi. Duk wanda ya shigo daga wani addini, akwai uwar da ke kuka a wani tsakar gida. Gaskiya ne, kuma Linjila ba ta ɓoye ba, ta ruwaito Yesu yana cewa bin sa zai iya raba ɗa da uba, ta kuma nuna shi yana kiran masu aikata nufin Allah uwarsa da 'yan'uwansa alhali uwarsa da 'yan'uwansa na tsaye a waje. Sai dai wannan ciwo ba baƙo ba ne ga Musulunci. A Madina an haɗa Muhajirai da Ansaru 'yan'uwantaka bayan Muhajiran sun baro dangi da dukiya a Makka. A watan Fabrairun 1804 Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, waɗanda suka bi shi suka bar gonaki da iyaye, suka kira kansu Jama'a. Birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya gina a 1809 'ya'yan wannan rabuwa ne suka cika shi. Wanda ya gaji wannan tarihi ya san cewa imani yakan kafa dangantakar da ta wuce ta nono, ko da bai yarda da inda wani ya kai nasa imanin ba.

Abin da ya rage a kan ikkilisiya shi ne kada ta mai da rabuwar abin alfahari. Wasiƙar Timoti ɗin nan da ta tsara riƙon gwauraye ita ce kuma ta yi tir da mai bi da ya ƙi kula da danginsa na jini. A ƙasar Zuru da Yawuri da kudancin Katsina akwai gidaje da yawa da wa ke zuwa masallaci ƙane na zuwa majami'a, ana aika naman layya a kuma aiko da shinkafar Kirsimeti, kuma ba su jira wani taron malamai ya ba su izini ba. Watan Mayun 2022 ya nuna abin da ke faruwa in wannan igiya ta tsinke. Ranar 12 ga wata aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, Bishop Kukah ya yi kira a kwantar da hankali. Ranar 14 masu zanga-zanga suka farfasa tagogin babban cocin, suka kuma kai hari cocin Saint Kevin a Gidan Dare, gwamnan lokacin Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. A irin waɗannan kwanaki kowace jama'a takan ja jikinta ciki ta ƙara wa katanga tsawo, kuma ba a ga laifin mai tsoro ba. Amma tsoron da ya daɗe yakan sa mai gida ya fara yi wa duk mai ƙwanƙwasa ƙofa kallon ɗan leƙen asiri.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne Bahaushe ko Bafillatanin da ya zama Kirista. Danginsa suna ganin ya fita daga Hausanci, wasu 'yan majami'a kuma suna jin sunansa da lafazinsa su yi baya-baya. Ba banza ba irin waɗannan mutane suka kafa tasu tarayyar ta Masihiyawa, duk da cewa Wusasa ta fitar da gidajen Hausawa da Fulani Kirista tun shekarun 1930, gidajen da suka ba Arewa likitanta na farko, R. A. B. Dikko, da Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Sai a 2023, da aka yanke dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop a cocin Katolika. Naɗi abu ne mai kyau, amma bashin da ake magana a kai ba a kan kujera ake biyansa ba. Babban hakkin ɗa a kan uban gandu shi ne auren fari, kuma a nan ne ake gane ko saurayin da aka yi wa tafi ran baftisma ɗan gida ne. Ya ga yarinya a cikin mawaƙa, ya aika, iyayenta suka yi tambayar da kowane uba ke yi: su wane ne danginsa, wa za mu kama in an samu matsala? Ba shi da kawu, ba shi da gwaggo, ba shi da ƙauyen da za a je a bincika. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, a ce masa ana addu'a a kai. In kuwa wani dattijon ikkilisiya ya tashi ya ce mu ne danginsa, to shi zai kai gaisuwa, matarsa ta haɗa lefe, zumuntar mata ta yi girkin biki, kuma bayan shekara uku in amarya ta yi yaji, ƙofarsa za a buga da dare ya sa takalmi ya tafi biko.